Rai uku, bos, da akwatin sa'a: matsayata kan rigimar gasar gem



Tun daren Laraba ake ta cacar baki a zaurenmu na WhatsApp kan shawarar da 'yan aji biyu suka kawo, cewa a saka gasar ƙwallon gem cikin shagulgulan makon ɗaliban Arewa na bana. Wasu na cewa shiririta ce, iyayenmu ba su turo mu uwa duniya don mu zo mu riƙe hannun gem ba. Wasu na cewa to ƙwallon fili da muke bugawa duk shekara fa, ita a wane littafi aka rubuta ta? Har wani ya yi fushi ya fice daga zauren, aka dawo da shi, ya sake ficewa. Mutum biyu sun kira sunana, wai Yaya ka yi shiru, kai da kowa ya san ka da gem. Shirun nan nawa na kunya ne, kuma zan faɗi dalili in mun yi nisa. Na ga maganar ta fi ƙarfin saƙon WhatsApp, shi ya sa na kawo ta nan. Rubutun da tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya yi haƙuri.

Ni dai ra'ayina a yi gasar. Sai dai ɓangarorin biyu duk suna magana kamar gem abu ɗaya ne, kuma a nan aka samu matsala. Mai cewa a hana yana tuna ƙaninsa da waya ta haukata. Mai cewa a yi yana tuna daɗin da ya sha a gidan gem na unguwarsu yana yaro. Dukansu gaskiya suke faɗa, amma kowa da irin gem ɗin da ke ransa. In kana son rabe su, kada ka kalli kyan hoto ko sunan kamfani. Kalli dokokin da ke ciki, waɗannan abubuwan da ke ta maimaituwa daga wannan wasa zuwa wancan har mun daina ganinsu: rai, jini, bos, ajiya, kyautar kullum, akwatin sa'a. Kowannensu wani ne ya zauna ya ƙirƙire shi, kuma da dalilinsa.

Na fara gem a Funtuwa da irin na kaset ɗin nan da ake jonawa da talabijin. Ku tuna kaset mai ruwan ɗorawa da ake rubuta wa wasa dubu tara da ɗari tara da casa'in da tara, in ka kunna ka tarar wasanni ne da ba su fi goma ba aka yi ta sauya musu suna. A ciki akwai Mario, akwai Contra. Abu na farko da yaro ke koya shi ne yana da rai uku. Ka faɗa rami, saura biyu. Kunkuru ya taɓa ka, saura ɗaya. In sun ƙare ka miƙa wa na kusa da kai hannu, ka koma layi. A Contra kuwa akwai wasu maɓallai da in ka danna su a jere kafin a fara sai a ba ka rai talatin, kuma yaron da ya haddace su a unguwarmu sarauta ce kawai ba a naɗa masa ba.

Wannan rai ukun daga ina? Daga kasuwa. Wasannin farko da suka yi tashe, irin su Space Invaders da kamfanin Taito na Japan ya fitar a 1978 da Pac-Man na 1980, manyan akwatuna ne da ake girkewa a shaguna, sai ka jefa tsabar kuɗi suke ba ka damar wasa. Mai shago yana son kuɗinka su saya maka 'yan mintuna, ka mutu, ka sake jefawa ko ka ba wani wuri. Rai uku ma'auni ne, kamar mudu. Na faɗi haka don kada wani ya ce ina yabon zamanin da ne kawai, wai da can ba a neman kuɗinmu. Ana nema. Amma cinikin a fili yake: ga abin da ka biya, ga abin da ka samu, kuma gwargwadon ƙwarewarka gwargwadon daɗewarka a kan kujera. Haka yake a gidan gem ɗin da muka riƙa zuwa da muka tasa, inda ake buga PES a PS2: wanda aka ci shi ke biya, wanda ya ci ya zauna. Gwani yakan wuni da naira ashirin.

Jini kuma, wannan layin da ke raguwa a saman talabijin in ana jibgar ka a Mortal Kombat, da maki da ake tarawa a ƙara ƙarfi mataki bayan mataki, tushensu wani wasa ne na takarda da fensir mai suna Dungeons & Dragons da ya fito a Amurka a 1974. Mutane ne ke zama a tebur, ɗaya yana ba da labari kamar mai tatsuniya, sauran suna lissafin lafiyar jarumansu da lambobi. Masu rubuta manhajar kwamfuta suka ga ai lissafi aikin na'ura ne, suka kwashe tsarin gaba ɗaya. Shekara hamsin ke nan ana cin gajiyarsa.

Wanda na fi so a cikinsu duka shi ne bos. Mu da muka tashi da finafinan Indiya da na Chana mun san bos tun kafin gem, shi ya sa kalmar ba ta ba mu wuya ba. Amma bos na gem mai kyau jarrabawa ce. Duk abin da matakin ya koya maka, tsalle, kaucewa, jiran lokacin da ya dace, shi zai tambaye ka a dunƙule. Kuma ba ya tambayar abin da ba a koyar ba. Ku koma ku duba matakin farko na Super Mario Bros na 1985. Babu rubutun bayani ko ɗaya. An ajiye ka a hagu, fili na dama a buɗe, sai ka gane gaba ake yi. Wata 'yar halitta ta taho a hankali, ka koyi tsalle ko ka mutu, kuma in ka mutu ba ka yi asarar komai ba tunda yanzu aka fara. Ka bugi tubali da ka, naman kaza ya fito, ya gangara ya bugi bututu ya dawo kanka ta yadda da wuya ka kauce masa, sai ka ga ka girma, ka gane ashe wannan abokinka ne. Cikin minti ɗaya an koya maka rabin wasan ba a ce maka uffan ba. Shigeru Miyamoto da abokan aikinsa da gangan suka tsara haka. Na zauna a azuzuwa da yawa tun daga firamare zuwa digiri na biyu, kuma malaman da suka iya koyarwa irin haka zan iya ƙirga su da yatsun hannu ɗaya. Wannan a gefe.

Mu ma ai muna da bos a gida. Macijin rijiyar Kusugu a labarin Bayajidda mene ne in ba bos ba? Ya tsare abin da gari ke buƙata, baƙo ya zo da takobi, ya kashe shi, aka ba shi lada. Ku riƙe macijin nan a ranku, zan dawo kansa, don akwai wata ɗabi'arsa da masu gem na yanzu suka gada.

Halittun da ake ta maimaitawa ma kowanne da aikinsa. Fatalwowi huɗu na Pac-Man kamar a ruɗe suke yawo, alhali kowacce da halinta: ja tana bin bayanka kai tsaye, mai ruwan hoda tana neman tare maka gaba. In ka gane haka ka daina gudun tsoro, ka fara wasa da hankali. Akwai akwatin da ke cizo, wanda za ka gani a wasanni irin su Dark Souls: ka hango akwatin dukiya, ka ruga ka buɗe, sai ya wage baki da haƙora ya haɗiye ka. An yi shi ne musamman don mai haɗama. Zombi kuwa, gawar nan mai tafiya, sunanta daga al'adun mutanen Haiti ya shiga finafinan Amurka, siffar da muka sani kuma ta samo asali daga fim ɗin George Romero na 1968. Me ya sa ta cika wasanni? Saboda tana da arha wajen ƙirƙira, ba ta buƙatar wayo, sai dai ta yi ta tahowa, kuma tana da siffar mutum amma za ka harbi ɗari zuciyarka ba ta ce maka komai ba. Har namu sun ɗauka. A Final Fantasy akwai wani dodon wuta da ake kira ya taya ka faɗa, sunansa Ifrit, ifiritun nan dai da muka sani tun a makarantar allo.

A nan zan ba masu adawa gaskiyarsu guda. Yana da kyau mutum ya riƙa lura da waye ake ba shi ya harba. Wasannin yaƙi da yawa filinsu garuruwan hamada ne, abokan gaba kuma masu gemu da rawani, suna ihu da wani yare da aka yi don ya yi kama da Larabci. Resident Evil 5 na 2009 a wata ƙasar Afirka ta ƙirƙira aka kafa shi, Bature na ta harbin baƙaƙen fata da cuta ta mayar dodanni, kuma an yi ta ce-ce-ku-ce a kansa tun kafin ya fito. A 2020 masu PUBG Mobile sun saka wani abu da ɗan wasa zai tsaya gaban gunki don ya samu lada, Musulmi suka yi ca, kamfanin ya ba da haƙuri ya cire. Ban ce mai buga irin waɗannan zai zama wani abu ba. Na buga su, ga ni. Amma duk wanda ya taɓa jin abin da ake kiransa a tashar mota a nan Kudu saboda hularsa, ya kamata idonsa ya fi na kowa gani.

Sai ajiya. Da farko babu ita, in aka ɗauke wuta ka koma farko, kuma mu da NEPA kun san yadda muke. The Legend of Zelda na cikin na farko-farko da aka saka wa ɗan batir a cikin kaset don ya tuna inda ka tsaya. Resident Evil na 1996 ya mayar da ajiyar kanta abin tsoro: sai ka samu tafireta, kuma sai kana da tawadarta, tawadar kuma ƙidayayya ce. Ka ajiye yanzu ko ka ƙara gaba kaɗan? Ma'anar ajiya dai ita ce wasan yana ce maka tashi ka tafi harkarka, zan jira ka. Haka maɓallin dakatarwa. A kira salla, ka danna, ka je ka dawo, Mario na nan a sama inda ka bar shi.

Yawancin waɗannan da na lissafa suna da abu ɗaya: wasan yana ƙarewa. Ka kashe bos na ƙarshe, sunayen waɗanda suka yi shi su hau, ka ajiye hannu. Kamar dara ce a gindin bishiya, a ci a tashi.

To yanzu ga ɗaya irin.

Ɗauki Candy Crush, wanda na san yana wayar da yawa daga cikin 'yan uwanmu mata, da ma mazan da ba sa so a sani. Shi ma yana da rai, guda biyar. Amma in sun ƙare, kowane rai sai ka jira minti talatin ya dawo, ko ka biya, ko ka roƙi abokanka. Kun ga an ɗauki tsohuwar doka an juya ta. A da mutuwa tana nufin ba ka iya ba, je ka koyo. Yanzu tana nufin kawo kuɗi ko ka dawo anjima. Macijin Kusugu ke nan, wanda labari ya ce ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Bambancin kawai, wannan macijin yana karɓar kati, kuma ba a yi takobin da zai kashe shi ba, don wasan ba shi da ƙarshe, kullum ƙara matakai ake yi.

Sai kyautar kullum. Ka shigo yau a ba ka ɗan abu, gobe a ƙara, rana ta bakwai a ba ka babba, amma in ka tsallake rana ɗaya a wasu wasannin ka koma farko. Sai kakar wasa, ka sayi tikiti na 'yan makonni, dole ka buga kullum kafin wa'adi ya cika, in ba haka ba kuɗinka sun tafi a banza. Sai wasannin da ake yi kai tsaye da mutane ta intanet, irin su Free Fire da Call of Duty na waya, waɗanda ba su da maɓallin dakatarwa kwata-kwata, kuma in ka fice a tsakiya a rage maka matsayi, abokan tafiyarka su zage ka. Sau nawa muka ji an tada iƙamar magariba a masallacin hostel, wani yana cewa ku je ina zuwa, saura mutum shida? Na faɗa da bakina, ba sau ɗaya ba.

Uwa-uba akwatin sa'a. Ka biya, a juya maka, ba ka san me zai fito ba. A wasannin ƙwallo katin 'yan wasa ne, a na harbi kaya ne da fentin bindiga. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, B. F. Skinner, ya yi gwaje-gwaje da ɓeraye da tattabaru tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce. Ya gano in ana ba dabba abinci duk lokacin da ta danna maɓalli, da an daina ba ta sai ta haƙura da wuri. In kuwa ana ba ta jefi-jefi, ba ta san yaushe ba, sai ta yi ta dannawa ba ji ba gani. A kan wannan aka gina injinan caca, kuma a kansa aka gina akwatin sa'a. Hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta duba lamarin a 2018 ta ce wanda ake saya da kuɗi caca ne, har kamfanin EA ya daina sayar da kuɗin cikin wasan FIFA a ƙasar a farkon 2019. Turawan da suka halatta caca ke nan suka kira shi da sunansa. Mu da muka san hukuncinta tun muna yara, sai mu ce ai gem ne kawai.

Yanzu dalilin shiruna.

A yajin aikin malaman jami'a na 2022, wata takwas ɗin nan, ina ajin ƙarshe a digiri na farko, ina zaune a gida ba aikin fari ba na baƙi. Na sauke wani wasan ƙwallo na waya, ba zan kama suna ba, don laifin nawa ne. Kyauta ne. Na yi shekara biyu ban saka masa ko kwabo ba, ina alfahari da hakan. Amma kullum sai na shiga na karɓi kyautar ranar. Na zo nan digiri na biyu da shi a aljihu. Kun san zaman farko a garin nan: ba ka jin yare, abinci bai karɓe ka ba, ruwan sama ba ya ɗaukewa, in ba ranar da ka je Sabo ka ci tuwo ba sai ka wuni ba ka yi Hausa da kowa ba. Wasan ya zama abokin hira.

Bara Yayana ya turo mini kuɗin fita fili. Tattalin arzikin noma nake karantawa, kuma aikina yana buƙatar in buga takardun tambayoyi in zaga ƙauyuka wajen manoma. A makon ne aka saka wani ɗan wasa da na daɗe ina so, na kwana bakwai kacal. Na ce bari in gwada da dubu biyu. Ga wayon da ake yi: ba naira kake kashewa ba, sai ka sayi wasu sulalla na cikin wasan, kuma ƙunshin da ake sayarwa bai taɓa yin daidai da farashin juyi ba, kullum sai an bar maka ɗan canji da ba ya sayen komai sai ka ƙara. Da sulallan nan a gabanka ba ka jin zafin kuɗi, lambobi ne masu ƙyalli. Cikin mako uku na duba asusuna, dubu talatin da takwas sun tafi. Ɗan wasan bai fito ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na ci kwas ɗin ƙididdiga da sakamako mai kyau. Na san lissafin. Tun 2017 ƙasar Sin ta wajabta wa kamfanoni su riƙa bayyana yiwuwar samun kowane abu a akwatin, daga baya shagunan manhajoji na Apple da Google suka bi sahu, don haka lambar tana nan a rubuce a wani ɗan lungu, je ka duba a naka. In an ce ɗaya cikin ɗari ne, zuciya sai ta ce maka in ka juya sau ɗari dole ka samu. Ƙarya ne. In mutum ɗari kowanne ya juya sau ɗari, kusan talatin da bakwai za su tashi hannu rabbana. Kowane juyi sabo ne, na'urar ba ta san ka sha wuya a baya ba. Wasu wasannin sukan yi alkawarin in ka kai juyi kaza dole a ba ka, wannan kuma shi ne ƙugiyar da ta fi kamawa, don in ka yi rabi ba ka iya tsayawa. Duk na san wannan. Da ƙarfe biyun dare, da yatsa a kan waya, sanin bai yi mini rana ba.

Ban fita fili a kan lokaci ba. Damina ta yi nisa, manoman da zan gani suka shiga aiki, malamin da ke duba aikina ya ɗaga gabatarwata zuwa zango na gaba, kuma daidai ya yi. Zango guda ke nan, da kuɗin haya da na abinci. Na ce wa Yaya kuɗin buga takardu ne suka tashi. Bayan sati biyu na kasa barci, na kira shi na faɗa masa gaskiya. Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke, sannan ya ce, "To Malam, Allah Ya kyauta." Bai taɓa kirana Malam ba sai ranar. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Mutumin nan shago yake tsaro a kasuwa, yana da 'ya'ya huɗu.

Kafin wani ya ce ai ni ba na gem, wannan matsalarku ce, ina tambaya: a 2024 wa bai yi mayinin ba? Bayan Notcoin ya fashe a watan Mayu wasu suka samu, sai kowa ya duƙufa kan Hamster Kombat da 'yan uwansa, malamai da ɗalibai, 'yan kasuwa da matan aure, ana ta dangwalar waya. Ku tuna abin da ke ciki: ƙarfin da ke ƙarewa sai ka jira ya cika, kyautar kullum, haɗin kati na yau, matakai, gayyato aboki a ƙara maka. Dokokin gem ne tsaf, an cire wasan an bar ƙugiyoyin. Da aka raba a ƙarshen Satumba kun san irin kukan da aka yi. Wasu daga cikin masu cewa gem shiririta ce a zaurenmu, ina da saƙonnin da suka riƙa turo mini na gayyata. Ban goge ba, amma ba zan tona ba.

Akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren, kuma ba zan ɓoye ta ba. Wasa sabo na PS5 dala sittin zuwa saba'in ne, ku lissafa da canjin yau. Mu da muka tashi da faifan kwafi na kasuwa ba mu taɓa biyan masu yin wasannin nan ko sisi ba. Tsarin kyauta shi ya ba yaron da ke da ƙaramar waya a Azare damar buga wasa ɗaya da yaron Landan. Kuma mafi yawan masu bugawa ba sa kashe komai, wasu tsiraru ne ke ɗauke da nauyin kowa. Na yarda. Amma tsirarun nan ba duka masu kuɗi ba ne. Wasunsu irina ne, mutumin da ke kaɗaici da kuɗin da ba nasa ba a asusu, kuma an tsara abin ne don ya samo irinmu a daren da muka fi rauni. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ban kuma ce duk mai buga gem na waya ya kamu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya da ta saka matsalar cikin kundinta na cututtuka a 2019 ba ta auna da yawan awanni ba. Abin da ta duba shi ne mutum ya kasa iko da kansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuransa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, kuma a ɗauki kamar shekara ana haka. Kowa ya san kansa. Gwajin da ni na yi wa kaina mai sauƙi ne: na tambayi raina, yaushe rabon da in buɗe wasan nan don ina marmarinsa, ba don kada kyautar yau ta wuce ni ba? Na kasa tunawa. Ranar na goge shi. Na sake saukewa bayan kwana huɗu, na sake gogewa. Na biyun ne ya zauna.

To me ya sa duk da haka nake cewa a yi gasar? Saboda abin da yaran nan suka nema na irin farko ne. Mutum biyu a kujera, talabijin ɗaya, minti goma, a busa a tashi, wanda aka ci a yi masa dariya ya rama gobe. Ni abokaina na farko Yarabawa da Ibo a makarantar nan a gaban talabijin ɗin ɗakin hutu na same su, lokacin da ban iya ko gaisuwarsu ba. Kuma yaron ajin farko da ya baro Gumel ko Yawuri, in ba mu ba shi wurin zama a cikinmu ba, wayarsa za ta ba shi, shagon cacar ƙwallo da ke bakin get ma zai ba shi. In an hana gasar ba a hana gem ba, an dai kora shi ƙarƙashin bargo, inda ni na yi tawa asarar.

Sharuɗɗan da zan kai wa kwamiti ranar Asabar su ne a buga da kulob-kulob na asali da ke cikin wasan, kada kowa ya shigo da tawagar da ya haɗa da kati, don kada ya zama mai kuɗi ne ke cin mai iyawa. Kada a karɓi kuɗin shiga a tara a ba wanda ya ci, kyautar ta fito daga asusun ƙungiya ko wani ya ɗauki nauyi, kuma duk wanda aka kama yana saka kuɗi a gefe a kan wasan wasu a sallame shi daga ɗakin. A tsara lokaci tsakanin la'asar da magariba, a dakata in an kira salla ko da ana bugun fenariti ne. In 'yan uwa mata suna son tasu gasar a ba su rana da ɗaki, su zaɓi wasan da suke so da kansu.

Malam shugaban kwamiti, na san kana cikin masu adawa, kuma na san saboda ƙaninka ne, Allah Ya shirya mana shi. Ina roƙon ka zo ka zauna a wasan farko ka gani da idonka, in ka ga abin da bai yi maka ba ka tsayar, ba wanda zai ja da kai. Ni zan aro hannu biyu wajen maƙwabcina, kuma zan yi alƙalanci in ana so. Bugawa dai ban da ni a bana, babi na huɗu ke gabana kuma an ba ni zuwa ƙarshen wata. Wanda ke da dogon wayar jona wuta ya taimaka ya yi mini magana, soket ɗin ɗakin taron ɗaya ne ke aiki kuma yana can bayan ƙofa.